'YAN KALLO BA BEBAYE BA NE

Jama'a, akwai wata magana da manyan masu horad da 'yan ƙwallo na Amurka suka daɗe suna yi wa junansu gargaɗi da ita. Wai duk kocin da ya kasa kunne ga 'yan kallo, ba zai daɗe ba zai koma ya zauna tare da su a kan benci. Ma'anarta a fili take. Talaka ya biya kuɗin ƙofa, ya yi tafi in an ci, ya haɗiye baƙin cikinsa in an sha kashi, amma kada ya kuskura ya sa baki cikin zancen wa za a sa, wa za a cire, wa za a saya, wa za a sallama. Wannan wai aikin masana ne. To, ni yau da wannan magana na zo faɗa, kuma ban zo hannu wofi ba. Na zo da littafin lissafin masanan nan, mu buɗe shi a gaban kowa, mu ga ribar da suka ciwo.

Bari in fara share wa mai karatu hanya, gama ƙwallon da nake nufi ba irin wanda yaranmu ke bugawa da ƙafa ba ne. Na Amurka dogo ne kamar gwanda, yawancin wasan kuwa da hannu ake yi, da gudu, da kokawa. Mutum 11 ke kowane gefe. Akan ba gefe ɗaya dama huɗu su ci gaba da ƙwallo yadi 10. In sun yi, a sake ba su huɗu, in sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Haka za a yi ta yi har wani ya kai shi ƙarshen fili. Hukumar da ke riƙe da babban wasan sunanta NFL, kulob 32 ke ƙarƙashinta, wasan ƙarshe na cin kofi kuwa shi ake kira Super Bowl.

A cikin mutum 11 ɗin nan akwai guda wanda kusan kowane ƙwallo sai ya bi ta hannunsa. Su suna ce masa kwatabak. Ni a takardan nan madugu zan riƙa ce masa, domin aikinsu ɗaya da madugun fatake. Shi ke duba hanya, shi ke faɗin inda za a bi, shi ke jefa ƙwallo ga wanda ya ga ya dace. In ayari ya isa lafiya a yabe shi, in an yi hasara a kansa za a sauke. Saboda haka duk gardamar 'yan kallon Amurka, a gidan aski ko a gidan rediyo, sai ta dawo kan abu biyu: madugu da koci.

Sauran abu guda. Kowace shekara cikin watan Afrilu akan yi rabon samarin da suka fito daga jami'o'i, zagaye 7. Kulob ɗin da ya fi kowa shan kashi bara shi ke fara zaɓe. Wannan damar zaɓe dukiya ce, ana cinikinta kamar yadda ake cinikin shanu a kara. Mutum 53 aka yarda kowane kulob ya riƙe, kuma an yanka wa kowa iyakar kuɗin albashi wadda ba a hayewa. Watau in ka zuba kuɗi a kan mutum ɗaya, to, ka rage wa sauran 52. Duk ɗan kasuwa ya san wannan lissafi: jari ɗaya ne, abin da ka sa a goro ba za ka sa shi a gishiri ba.

GARIN DA AKA CE YA YI SHIRU

Yanzu mu tafi Cleveland, cikin jihar Ohio, garin masu aikin ƙarfe a bakin tabkin Erie, inda sanyi ke fasa leɓe. Kulob ɗinsu sunansa Browns. Rabonsu da zama zakarun ƙasa tun 1964, kuma ba su taɓa shiga Super Bowl ba ko sau ɗaya. Duk da haka ba a iya zargin mutanen garin da rashin biyayya. Kaka ya kai ɗa fili, ɗa ya kai jika, suna zaune cikin ƙanƙara suna ihu.

Cikin 1985 suka sami madugu mai suna Bernie Kosar. Ɗan ƙasa ne, haifaffen jihar, shi da kansa ya nemi hanyar da za ta kawo shi gida alhali manyan 'yan wasa na gudun garin. Sau uku ya kai su wasan kusa da na ƙarshe, sau ukun Denver na tare musu hanya. Ran 8 ga Nuwamba 1993, ana tsakiyar shekarar wasa, kulob ya ci 5 ya faɗi 3, sai koci Bill Belichick da mai kulob Art Modell suka sallami Kosar, wai gwanintarsa ta ja baya. Wanda ake nufin ya gaje shi, Vinny Testaverde, a lokacin yana jinyar kafaɗa. 'Yan kallo suka ce, to, in ma za ku sallame shi, ku bari magajin ya warke mana! Aka ce ba su san wasa ba. Cikin wasa 8 da suka rage, 2 kaɗai aka ci. Kosar kuwa Dallas ta ɗauke shi mataimaki, ya gama shekarar cikin waɗanda suka ci kofi.

Ba zan ɓoye gaskiya don ta yi mini nauyi ba. A 1994 Belichick ya ci wasa 11 ya faɗi 5 da Testaverde. Ashe ya ga wani abu. Amma ko da ya gani, me ya hana a yi wa jama'a bayani irin na mutunci, a sallami bawan Allah a lokacin da ya dace? Abin da ya hana shi ne an riga an ɗauka cewa ɗan kallo ba a bin sa bashin bayani.

Wanda ya raina ka a ƙaramin abu zai raina ka a babba. Ran 6 ga Nuwamba 1995 Modell ya tsaya a birnin Baltimore ya sanar ya ɗauke kulob ɗungurungum ya mai da shi can. Hujjarsa wai bashi ya yi masa katutu, kuma gari ya gina wa waɗansu wasanni filaye ya bar shi da tsohon fili. Kashegari, ran 7 ga wata, mutanen gundumar suka jefa ƙuri'a suka yarda a ci gaba da karɓar harajin giya da taba don a gyara masa filin. Ku duba wannan abu! Talakawa na layi za su ɗora wa kansu haraji domin mutum, shi kuwa ya riga ya ɗaure kayansa.

Nan fa aka ga amfanin baki. Mutanen Cleveland ba su yi shiru ba. Suka yi taro, suka cika ofishin NFL da takardu da waya, hukumar gari ta kai ƙara. Cikin Fabrairu 1996 aka yi sulhu: Modell ya tafi da 'yan wasansa, amma sunan Browns, da launin rigarsu, da tarihinsu, duk a bar wa gari, kuma a ba su sabon kulob a 1999. Shekara uku garin ba wasa. Aka gina sabon fili, mafi yawan kuɗinsa daga aljihun jama'a. Su waɗanda aka kai Baltimore suka ɗauki sunan Ravens, cikin Janairu 2001 suka ci Super Bowl. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Amma ina tambayar masu cewa ɗan kallo ya rufe bakinsa: da mutanen nan sun bi shawararku, da yau akwai abin da ake kira Cleveland Browns?

LISSAFIN MASANA

To, an dawo a 1999. Daga nan masana suka karɓi ragama, masu albashin miliyoyi, masu na'urori, masu 'yan leƙen asiri a kowace jami'a. Ga abin da suka yi.

A rabon 2000, zagaye na 6, Cleveland na neman madugu. Suka zaɓi wani Spergon Wynn, mutum na 183. Mutum na 199 kuwa shi ne Tom Brady, wanda daga baya ya ci Super Bowl sau 7. Madugai 6 aka zaɓa kafin a waiwaye shi. Kulob-kulob duka, da masanansu duka, sun bi ta gabansa sau da yawa suna kau da kai. Har New England da ta ɗauke shi sai da ta zaɓi waɗansu tukuna. Ina ilmin da ake yi mana alfahari da shi?

A 2007 suka zaɓi madugu Brady Quinn, mutum na 22. Bai yi ba. A 2012 suka zaɓi Brandon Weeden, mai shekara 28, shi ma mutum na 22. Bai yi ba. A 2014 suka zaɓi Johnny Manziel, shi ma dai mutum na 22. Shekara biyu aka sallame shi. Rami ɗaya, faɗuwa uku. Ko jaki in ya faɗa rami sau ɗaya, gobe ya ratse. Har ta kai a cikin gari aka rataye wata riga a taga, duk madugun da aka gwada aka yar sai a soke sunansa a liƙa na sabo a ƙasa, har sunaye suka zarce gindin riga. Wanda aka sa a 2018 shi ne na 30 tun 1999. A 2025 lissafi ya haye 40.

Zancen koci ma haka. Attajiri Jimmy Haslam ya sayi kulob a 2012 a kan kimanin dala biliyan 1. Koci Rob Chudzinski shekara ɗaya aka kore shi. Mike Pettine shekara biyu. Sa'an nan aka kawo Hue Jackson. A 2016 ya ci wasa 1 ya faɗi 15. A 2017 ya faɗi 16 cikin 16, ko ɗaya bai ci ba. Wasa 32, nasara guda. Wanda ya yi shekara ɗaya an kore shi, wannan kuwa mai kulob ya ce zai ci gaba! Cikin Janairu 2018 kimanin mutum 3,000 suka fito cikin matsanancin sanyi suka kewaye filin wasa suna jerin gwanon ba'a, wai bikin shekarar da ba nasara, suka kuma tara abinci da kuɗi don mabukata. Aka ce sun ci mutuncin gari. Ba a kori Jackson ba sai ƙarshen Oktoba 2018, bayan ya ci 3, ya faɗi 36, ya yi kunnen doki 1. Da tafiyarsa, da 'yan wasan nan dai, aka ci 5 cikin 8 da suka rage. To, wa ya fi gani, mai na'ura ko mai zama kan benci? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

CINIKIN DA BA A TAƁA GANI BA

Amma duk wannan wasan yara ne in an gwada da abin da ke tafe. A 2018 Cleveland ta zaɓi Baker Mayfield, mutum na farko a rabo. Ran da ya fara shiga fili, cikin Satumba, ya ciwo musu nasara bayan kwana 635 ba su ɗanɗana ta ba. A shekarar wasa ta 2020 suka ci 11, kuma cikin Janairu 2021 suka doke Pittsburgh 48 da 37 a wasannin neman kofi, abin da rabonsu da shi tun Janairu 1995. Shekarar da ta biyo ya ji ciwo a kafaɗa tun wasa na biyu, ya daure ya yi ta wasa da ciwon, wasansa ya lalace. Sai manya suka ce ba shi ne ba.

Cikin Maris 2022 suka juya ga Deshaun Watson na Houston. Ku saurari farashi. Sun ba da zaɓinsu na zagayen farko na 2022, da na 2023, da na 2024, da waɗansu a kai. Sa'an nan suka rubuta masa dala miliyan 230 na shekara 5, tabbatattu duka, ko ya yi wasa ko bai yi ba, ko ya iya ko bai iya ba. Har zuwa lokacin, ba a taɓa lamunce wa ɗan wasa kuɗi haka ba a tarihin NFL. A wannan shekara iyakar albashin kulob gaba ɗaya, mutum 53, dala miliyan 208 ce da 'yan kai. Abin dariya kuma abin kuka, a rabon 2017 damar zaɓe ta 12 a hannun Cleveland take, suka sayar wa Houston, da ita Houston ta ɗauki Watson ɗin. Watau sun sayad da ɗan maraƙi da araha, suka dawo suka saye shi da kuɗin garke.

Ba nan ta tsaya ba. Mutumin nan bai yi wasa ko ɗaya ba a 2021. Mata fiye da 20 sun kai shi ƙara suna zarginsa da cin zarafinsu. Shi ya musanta, masu taya alƙali duba ƙara a jihar Texas ba su tuhume shi da laifi ba, yawancin ƙararrakin kuma aka sasanta su a wajen kotu. Amma NFL ta dakatad da shi wasa 11, ta ci shi tarar dala miliyan 5. Duk wannan ƙura tana tashi a lokacin da ake ciniki, ba a ɓoye take ba. Da yawa cikin 'yan kallo, musamman mata da suka shekara suna sayen tikiti, suka ce ba su yarda ba. Waɗansu kuwa, gaskiya, murna suka yi. Ba a tambayi ko wannensu ba.

Ga sakamako. Cikin shekara uku, 2022 zuwa 2024, Watson wasa 19 ya yi, ya ci 9 ya faɗi 10. A ƙarshen 2023, da ya ji ciwo, aka ɗauko wani dattijon madugu, Joe Flacco, mai shekara 38, wanda ke zaune gida ba mai nemansa. Ya ci 4 cikin 5 ya kai su wasannin neman kofi. Da tsohuwar zuma ake magani. 'Yan kallo suka ƙaunace shi, suna kiran sunansa a fili. Shekara na juyowa aka bar shi ya tafi, aka mai da mai tsada, aka gama 2024 da nasara 3, faɗuwa 14. Shi kuwa Mayfield da aka ba Carolina kusan kyauta, ya ƙarasa Tampa Bay, ya kai su kan gaba a rukuninsu a 2023 da 2024. A ƙarshen Maris 2025 Haslam da bakinsa ya amsa cewa cinikin nan kuskure ne babba, ya ce a ɗora laifin a kansa. Madalla da amsa laifi. Amma ta yaya za a ɗora? Koci ana korarsa, madugu ana sallamarsa, mai kulob fa, wa ke korarsa?

SU MA 'YAN KALLO SUNA ƁATA

Na san abin da masu gardama za su ce. Za su ce, kai malam, ka zaɓo labaran da suka yi maka daɗi, ai 'yan kallo ma suna kuskure. Ƙwarai kuwa, kuma ni zan faɗa kafin ku faɗa.

A rabon 1999 waɗansu mutanen Philadelphia suka cika mota har New York don su yi ihu in ba a zaɓi ɗan gudun da suke so ba, Ricky Williams. Koci Andy Reid ya zaɓi madugu Donovan McNabb, suka yi masa eho a gaban duniya ran da ya fi kowace rana daraja a rayuwarsa. Yaron nan ya yi musu shekara 11, ya kai su wasan kusa da na ƙarshe sau 5, Super Bowl sau ɗaya. Kuskuren 'yan kallo ne.

A 2008 gwarzon Green Bay, Brett Favre, ya yi murabus, bayan 'yan watanni ya ce ya fasa. Shugabanni suka ce sun riga sun ba Aaron Rodgers ragama, wanda ya yi shekara uku yana jira a gefe, suka sayad da Favre ga New York Jets. Gari ya yamutse, aka yi wa Rodgers ihu a filin horo. Cikin Fabrairu 2011 ya ciwo musu Super Bowl. Kuskuren 'yan kallo ne.

Shi kansa Belichick da na soka ɗazu, a 2001 yana New England, babban madugunsa Drew Bledsoe, wanda aka rubuta wa dala miliyan 103 a farkon shekarar, ya ji mummunan ciwo. Da ya warke, koci ya ce yaron nan Brady zai ci gaba. Da yawa suka ga rashin adalci ne. Cikin Fabrairu 2002 suka ci kofi. A Cleveland ma, ran da aka zaɓi Manziel, murna aka yi a gari. Mayfield kuwa waɗansu da ke kukan rabuwa da shi yau, su ne suka yi masa ihu yana wasa da ciwo.

Mafi muni, cikin Oktoba 2024 agarar Watson ta tsinke a tsakiyar fili, yana kwance, waɗansu 'yan kallo suka yi shewa. Wannan abin kunya ne, ba ni da kalmar kare shi. Ko mene ne tsakaninka da mutum, ba a yi wa mai ciwo guɗa. Kuma wauta ce, gama ba shi ya rubuta wa kansa miliyan 230 ba. An bar jaki ana dukan taiki.

To, na amsa duka. Amma ku dubi bambanci. Ɗan kallo ya yi kuskure a kan McNabb, me aka rasa? Ba kome, sai kunyar da ya sha. Masani ya yi kuskure a kan Watson, me aka rasa? Zaɓin fari na shekara uku, da dala miliyan 230, da shekarun ƙuruciyar sauran 'yan wasa da ba za su dawo ba. In duka biyu suna kuskure, wa ya fi cancanta a tsare da tambaya, mai kuskuren kyauta ko mai kuskuren da ake biyansa albashi a kai? Abin da labaran nan duka suka nuna shi ne zaɓen madugu ba wanda ya gama saninsa. Tun da yake haka ne, ba wanda ke da ikon ce wa wani rufe bakinka.

WA KE BIYA?

Kada a juya mini magana. Ban ce a riƙa jefa ƙuri'a ran Lahadi a kan wa zai shiga fili ba. Ayarin da kowa madugu ne ba ya isa Gwanja. Koci ya yanke shawararsa, aikinsa ke nan. Abin da na ce shi ne wanda ya yanke shawara ya tsaya ya amsa tambaya, kada ya fake da wai jama'a jahilai ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kuma akwai inda ake haka, ba a sama ba, a cikin NFL ɗin nan. Green Bay da na ambata ƙaramin gari ne a jihar Wisconsin, mutanensa ba su fi 100,000 da 'yan kai ba. Kulob ɗinsu, Packers, ba shi da attajiri mai shi. Tun 1923 na jama'a ne. Sau 6 aka sayad da hannun jari, na baya a 2021, kowane hannu dala 300. Masu hannu sun haura 500,000. Ba a raba musu riba ko anini, kuma an hana mutum ɗaya ya tara hannuwa har ya mallake. Abin da suke da shi, kowace shekara a tara su a filin wasa, shugabanni su tsaya gabansu su yi bayani, su kuma su zaɓi 'yan majalisar gudanarwa. Shi kaɗai ne kulob ɗin da ke buga lissafin kuɗinsa kowa ya gani. Wannan bai hana shugabanni su saɓa wa jama'a a kan Favre ba, kuma sun yi daidai. Amma ba wanda ya isa ya ɗauke kulob ɗin da dare ya kai wani gari. Sau 13 suna zama zakarun ƙasa, ba wanda ya kai su. Ashe ba jama'a baki ba ya kashe kulob. Me ya sa to dokar NFL ta hana wani kulob ya bi wannan tsari? Ku tambayi attajiran da suka rubuta dokar.

A Cleveland kuwa, cikin 2025, watanni kaɗan bayan mai kulob ya amsa kuskurensa, jihar Ohio ta amince da dala miliyan 600 don taya shi gina sabon fili a Brook Park, bayan gari, daga kuɗin mutane da ke ajiye hannun gwamnati waɗanda masu su ba su zo karɓa ba. In za a karɓi kuɗi, ɗan kallo abokin tarayya ne, kulob namu ne gaba ɗaya. In za a yanke shawara, ɗan kallo jahili ne, ya koma benci. Wane ɗan kasuwa cikinku zai yarda da irin wannan haɗin jari, hasara taku tare, magana tasa shi kaɗai?

Ku duba su wa suka rage. Modell ya tafi. Belichick ya tafi. Kosar, da Quinn, da Weeden, da Manziel, da Jackson, da Mayfield, duk sun wuce. 'Yan wasa baƙi ne, koci baƙo ne, shi kansa mai kulob saye ya yi, wata rana ya sayar. Wanda bai taɓa tafiya ba shi ne mutumin nan mai aikin ƙarfe da ke kan benci cikin ƙanƙara tun zamanin kakansa. Shi ne ɗan gida. Baƙo ba ya hana ɗan gida magana a cikin gidansa.

Saboda haka ga jawabina ga 'yan kallo, na Cleveland da na ko'ina. Ku yi magana, ku yi gardama, ku rubuta, ku tambaya. In an kori koci ku ce don me, in an bar shi ku ce don me, in an sayi madugu ku ce nawa, kuma me aka bayar. Amma ku riƙe lissafin bakinku kamar yadda kuke riƙe na masana, in kun yi kuskure ku amsa. Kada ku huce a kan yaron da aka tura fili alhali mai sa hannu a takarda yana zaune a bene. Ga masu horarwa kuma, da ke tsoron kada a mai da su benci, ina cewa ku kwantad da hankalinku. Bencin nan ba wurin ƙasƙanci ba ne. Waɗanda ke kansa su ke biyan albashinku.